Kogin da Shekspiya ya ƙetare da layi guda

Hausawa na cewa waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Ba su ce ta fi gaskiya ba. Wannan bambanci ne ke ɓacewa duk lokacin da aka ɗauki wasan kwaikwayon Wiliyam Shekspiya mai suna "Henri na Biyar", wanda ya rubuta a 1599, aka miƙa wa ɗalibai a matsayin labarin abin da ya wakana tsakanin Ingila da Faransa a 1415. Malamin Ingilishi ya karanta jawabin sarki na safiyar yaƙin Azincourt, wanda ƴan Ingila ke rubutawa Agincourt, ko ya nuna fim ɗinsa, yara su tashi da yaƙinin cewa ƴan tsiraru masu ƙarfin zuciya sun kayar da taron masu girman kai, kuma kalaman sarki ne suka yi aikin. A Turai da Amurka har an mai da wasan littafin koyar da shugabanci ga manajojin kamfanoni. Wannan karatu gurgu ne, kuma akwai shaidar da ke tona gurguntarsa: kogin Somme na arewacin Faransa.

A duk faɗin wasan sau ɗaya aka ambaci wannan kogi. A kashi na uku, fitowa ta biyar, sarkin Faransa ya shaida wa fadawansa cewa abokin gaba ya riga ya ƙetare shi. Shi ke nan. Alhali kuwa ƙetarewar nan ta ci wa rundunar Ingila kwana shida na yunwa da fargaba, daga 13 zuwa 19 ga Oktoban 1415, kuma cikin kwanakin nan ne aka ƙulla kusan duk abin da ya warware a fagen fama ran 25 ga wata. Wanda ya tsallake kogin ya tsallake rabin labarin.

Abin da ruwan ya gani

Somme ƙaramin kogi ne, tsawonsa kilomita 245, yana tasowa daga Fonsomme, ya ratsa Saint-Quentin, Péronne, Amiens da Abbeville, ya faɗa tekun da ke raba Faransa da Ingila. Ƙarfinsa a zamanin da yana cikin fadamarsa: kwari ne mai faɗi, cike da laka da tafkuna da ciyawar ruwa, inda doki mai ɗauke da barde da sulkensa ke nutsewa. Duk wanda ya taɓa ganin gulbi ya cika da damina ya raba ƙauye da kasuwarsa ya san cewa zurfin ruwa ba shi kaɗai ke hana wucewa ba. Runduna ba ta da hanya sai gada ko mashigi, kuma mai tsaron ƙasa ya san adadinsu.

Henri ya sauka a bakin kogin Seine a tsakiyar Agustan 1415 da mayaƙa wajen 12,000, ya kewaye garin Harfleur, wanda bai miƙa wuya ba sai ran 22 ga Satumba. A cikin makonni biyar ɗin nan atuni ya yi wa rundunar ɓarna: ya kashe bishop na Norwich da basaraken Suffolk, aka mayar da marasa lafiya masu yawa gida cikin jiragen ruwa. Da sarki ya shiga garin sai ya fitar da mata da yara da matalauta daga gidajensu domin ya zaunar da mutanensa; a wasan kuwa umarnin jinƙai kawai ake jin ya bayar. A makon farko na Oktoba ya kama hanyar Calais, garin da ke hannun Ingila tun 1347, da guzurin kwana takwas.

Lissafin kwana takwas ɗin ya dogara ne ga wuri guda: mashigin Blanchetaque, a ƙasa da Abbeville, inda farar ƙasa mai tauri ke bayyana idan teku ta janye. Ta nan ne Edwad na Uku ya tsallake da yaƙi ran 24 ga Agustan 1346, kwana biyu kafin nasararsa a Crécy. Henri tattaɓa-kunnen Edwad ne, kuma sawun kakan nasa yake bi. Sai dai Faransawa ma ba su manta da 1346 ba. Ran 13 ga Oktoba labari ya iske Henri cewa an kafa turaku a mashigin, kuma mayaƙa na jira a ɗaya gaɓar. Shekara 69 bayan Edwad, ƙofar ta rufu.

Daga nan rundunar ta juya gabas, tana bin gaɓar kudu, tana ƙara nisa da Calais a kowace rana. Gadojin an karya su ko an tsare su, a hayi kuwa rundunar Charles d'Albret da Boucicaut na tafiya kafaɗa da kafaɗa da ita. Wani malamin coci da ke cikin tafiyar, wanda ya bar labarinta da Latin a littafin da ake kira "Gesta Henrici Quinti", ya bayyana yadda zukata suka karaya, ana tsoron sai an kai mafarin kogin kafin a sami hanya, guzuri ya ƙare, abokan gaba su afka wa mayunwata. A garuruwa irin su Arques, Eu da Boves an karɓi burodi da giya daga mazauna bisa sharaɗin ba za a sa wa ƙauyukansu wuta ba. Ran 19 ga wata aka sami wurare biyu, Béthencourt da Voyennes, kusa da Nesle, inda masu tsaro suka lalata hanyoyin da aka ɗaga bisa fadama amma ba su gama aikin ba. Sojojin Ingila suka rushe gidajen talakawa, suka kwashi ƙyamare da tagogi da tsani da itace da ciyawa suka cike ramukan, suka yi ta wucewa har bayan faɗuwar rana. Da aka isa Azincourt an yi tafiyar kusan kilomita 400 cikin kwana goma sha bakwai.

Abubuwa uku da kirari ya haɗiye

Na farko shi ne ƴan baka. A cikin wannan tafiya ta bakin kogi, a wajajen Corbie, Henri ya sami labari daga kamammu cewa Faransawa na shirin sakar wa maharbansa dawaki. Sai ya umarci kowane ɗan baka ya sari sanda mai tsawon kusan mita biyu, ya feƙe ta kai da gindi, ya riƙa ɗauke da ita. Waɗannan sanduna ne aka kafa a ƙasa ran 25 ga Oktoba, dawakin Faransa suka kasa ratsa su, kibau suka yi ruwa a kan barade masu tafiya da ƙafa cikin gonar da aka huɗe kuma ruwan sama ya jiƙa. Mafi yawan rundunar Ingila ƴan baka ne, talakawa ƴan albashi daga Ingila da Wales. Wasan bai ba su fage ba. Ya bar nasarar tsakanin bakin sarki da ikon Allah. Malamin da ya koyar da shi a matsayin tarihi ya koya wa ɗan talaka cewa gumi na talaka ne, suna na sarki, kuma bai ma gaya masa an yi rabon ba.

Na biyu shi ne hankalin Faransawa. A dandali an nuna su suna gardama kan kyan doki da sulke a daren yaƙi, suna caca kan fursunonin da ba su kama ba. Amma mutanen da suka toshe Blanchetaque, suka karya gadoji, suka tilasta wa abokin gaba zagayen da ya cinye guzurinsa, ba wawaye ba ne. A 1984 aka buga wata takarda da aka gano a babban ɗakin karatu na Birtaniya, mai ɗauke da tsarin yaƙin da jagororin Faransa suka shirya a lokacin wannan tafiya, har da rundunar dawaki ta musamman da aka ware domin tarwatsa ƴan baka. Abin da ya karya su yana da tushe a cikin gida. Sarki Sharl na Shida na fama da taɓin hankali tun 1392, ko da yake wasan ya nuna shi dattijo mai natsuwa. Tun kisan Louis na Orléans a 1407 manyan ƙasar suka rabu gida biyu, ɓangaren Armagnac da na Bourgogne, suna yaƙar juna. Basaraken Bourgogne, Jean, bai zo fagen ba, duk da cewa ƙannensa biyu sun mutu a can. Yarima mai jiran gado ma bai halarta ba. Runduna ce mai shugabanni da yawa, a fili ƙunci tsakanin dazuzzuka biyu. Darasin da ke nan, na ƙasar da rikicin cikin gida ya buɗe wa baƙo ƙofa, ya fi darasin girman kai amfani ga ɗalibi, kuma shi ne aka binne.

Na uku shi ne lissafi. Wasan ya ce Faransawa 60,000 ne, biyar ga kowane ɗan Ingila guda, ya kuma ce an kashe musu 10,000 alhali Ingila ta rasa mutum 29 kacal. Masana har yanzu suna jayayya kan adadin. A 2005 Anne Curry, bisa takardun biyan albashin sojoji, ta kawo kimanin 9,000 a ɓangaren Ingila da 12,000 a na Faransa. A shekarar dai Juliet Barker ta tsaya kan kimanin 6,000 da 36,000. Tazarar da ke tsakaninsu kanta abin koyarwa ce, domin tana nuna yadda ake auna shaida. Babu ko ɗaya daga cikinsu da ya yarda da mamata 29. Shekspiya ya ɗauko alkalumansa ne daga littafin tarihin Holinshed, bugun 1587, ya zaɓi waɗanda suka fi dacewa da mu'ujiza.

Ga kuma batun fursunoni. Da yaƙi ya kusa ƙarewa, Henri ya ji tsoron sabon hari, ya ba da umarnin a kashe kamammun Faransawa. Majiyoyin lokacin sun ce baraden Ingila sun yi nawa, domin kowane kamamme kuɗin fansa ne, sai aka tura ƴan baka 200 suka yi aikin. Ghillebert de Lannoy, wanda aka kama da rauni, ya rubuta cewa an sa wa gidan da aka tara su wuta, shi ya rarrafo ya tsira. A nan Shekspiya ya fi magadansa gaskiya, domin ya bar umarnin a bakin sarki a kashi na huɗu. Laurence Olivier a fim ɗinsa na 1944, wanda ya sadaukar ga dakarun Birtaniya ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, ya cire shi. Kenneth Branagh ma ya cire shi a 1989. Ajin da fim ya maye masa gurbin littafi ya sha kirarin da aka tace sau biyu.

Kogin da ya haɗa kafin ya raba

Akwai ƙarya mafi girma da karatun gaggawa ke shukawa, wato cewa Ingila da Faransa al'ummu biyu ne da Allah ya raba tun fil azal, kowace da halinta. Tarihin Somme na ƙaryata haka a kowace gada. Daga Saint-Valery, a bakin kogin, jiragen Giyom na Normandi suka tashi a Satumban 1066 suka ci Ingila, kuma ƙarnuka bayan haka fadar Landan da Faransanci take magana. Ƙasar Ponthieu, inda Abbeville da Crécy da mashigin Blanchetaque suke, ta shiga hannun gidan sarautar Ingila ta hanyar gado a 1279, ta wajen Eleonor ta Kastil, matar Edwad na Ɗaya. A 1264 a Amiens sarkin Faransa Luwi na Tara ya yi alƙalanci tsakanin sarkin Ingila da manyan ƙasarsa. A babbar majami'ar Amiens ɗin dai, a 1329, Edwad na Uku ya yi wa Filib na Shida caffa saboda ƙasashen da yake riƙe da su a Faransa, shekara takwas kafin yaƙin da aka sani da na shekara ɗari ya ɓarke a 1337. Rigimar gado ce tsakanin dangi, domin uwar Edwad ɗiyar sarkin Faransa ce.

Ban da sarauta akwai kasuwa. Arzikin Amiens a ƙarni na 13 ya taso ne daga wani ganye mai ba da shuɗin rini, wanda mutanen yankin ke kira waide, mai aiki irin na baba a marina. Ana sauko da shi ta kogin a kai wa masaƙa da marinan Ingila da Flandre, kuma da kuɗinsa aka taimaka wajen gina majami'ar da aka aza harsashinta a 1220. A 1237 fataken Amiens da Corbie da Nesle sun ƙulla yarjejeniyar ciniki da birnin Landan. Waɗannan garuruwa uku su ne dai Henri ya bi ta gefensu da mayunwatan sojojinsa a 1415. Tufar ɗan Landan ta sha shuɗin Pikardi kusan ƙarni biyu kafin ɗan Landan ya cire ƙyauren bapikarde ya shimfiɗa cikin laka.

Bayan Azincourt ma kogin bai daina shaida ba. Wasan ya yi tsalle daga 1415 zuwa yarjejeniyar Troyes ta 1420 da auren Henri da Katrin, ya tsallake kewayen Rouen na 1418 zuwa 1419, inda matalautan da aka kora daga birni suka mutu da yunwa a cikin ramin ganuwa saboda Henri ya hana su wucewa. Henri ya rasu a 1422. A ƙarshen 1430 an tsare Jeanne d'Arc a Le Crotoy, a bakin Somme, kafin a kai ta Rouen. A 1435 yarjejeniyar Arras ta miƙa garuruwan kogin ga Bourgogne, Luwi na Sha Ɗaya ya fanso su da kuɗi a 1463. A 1475 kuma, a kan wata gada a Picquigny, Luwin nan ya gana da Edwad na Huɗu, da shingen katako a tsakaninsu, ya saye komawarsa gida da tsabar zinariya 75,000 nan take da 50,000 kowace shekara. Shekspiya ya rubuta wasanni da Edwad na Huɗu ke ciki, amma bai kawo wannan gada bisa dandali ba. Ciniki ba ya shiga kirari.

Amsa ga masu uzuri

Masu kare tsohon karatu za su ce wasa wasa ne, ba a tambayar mawaƙi takardar shaida. Gaskiya ne, kuma laifin ba na Shekspiya ba ne. Ya rubuta wa ƴan kallon Landan na 1599, shekarar da Ingila ta tura runduna Ireland, har mai gabatarwa a kashi na biyar ya yi ishara da janar ɗin da ake jiran dawowarsa. Ya san abin da yake yi, kuma mai gabatarwar nasa ya sha roƙon ƴan kallo su cike giɓi da tunaninsu. Laifin na wanda ya ɗauki wasan ya ajiye a gurbin littafin tarihi ne, sa'an nan idan aka tuhume shi ya fake da cewa adabi ne. Ba a cin riba biyu: in adabi ne a karanta shi da idon adabi, a tambayi wa ya rubuta, don wa, me ya bari.

Wasu kuma za su ce marubutan Faransa na lokacin ba su ɗora wa Henri laifin kisan fursunoni sosai ba, don haka bai kamata a auna shi da ma'aunin yau ba. Wannan hujja ce mai nauyi, kuma wurinta cikin aji ne, a gaban ɗalibai, su juya ta. Ɓoye aukuwar ba ya cikin adalci ga zamanin da. Tambayar abin da ake yi da wanda ya ajiye makami ba ta tsufa ba a wannan kwari. A Airaines, garin da Edwad na Uku ya yada zango a 1346, sojojin Jamus sun harbe kyaftin Charles N'Tchoréré, haifaffen Gabon, ran 7 ga Yunin 1940, bayan shi da mayaƙansa na Afirka sun miƙa wuya. In maye ya manta, uwar ɗa ba ta mantawa.

Ɓangare na uku su ne masu cewa a watsar da wasan gaba ɗaya, wai kayan Turawa ne, ba ruwan ɗan Maraɗi ko Damagaram da shi. Waɗannan sun yar da wuƙa saboda tana da kaifi. Wasan ya fi masu yabonsa zurfi. A cikinsa ne wani soja mai suna Williams ya tsare sarki da ya yi shigar burtu da dare, ya ce masa in dalilin yaƙin ba mai kyau ba ne, alhakin gaɓoɓin da aka sare yana wuyan sarki ranar hisabi. A cikinsa aka rataye Bardolph, abokin sarki na ƙuruciya, saboda satar kayan coci, abin da ya samo asali daga wani soja da aka rataye da gaske a tafiyar bakin Somme. A cikinsa sarki ya amsa wa manzon Faransa cewa ciwo ya raunana mutanensa, kuma jawabin rufewa ya tuna wa ƴan kallo cewa a zamanin ɗansa an rasa duk abin da aka ci. Ɗalibin da ya tashi yana jin maroƙi na wasa basarake ya riga ya san cewa kirari na da gaskiyarsa da kuma iyakarsa. Ba ya zuwa wurin maroƙi neman adadin waɗanda suka mutu. Wannan sani da yake da shi tun daga gida shi ne ya kamata makaranta ta ɗora a kan Shekspiya, ta kuma ɗora shi a kan littattafan tarihin Faransa, waɗanda su ma suna da nasu kirarin game da Jeanne d'Arc da kogin Loire.

Abin da ake nema ga malamai da ƙungiyoyin al'adu bai fi ƙarfinsu ba. Malamin Ingilishi da na tarihi su haɗa darasi guda. A zana kogin a allo daga Fonsomme zuwa teku, a sa Blanchetaque, Abbeville, Amiens, Corbie, Nesle, Voyennes da Péronne, a rubuta ranakun 13 da 19 da 25 ga Oktoba, a bar ɗalibai su auna zagayen da kansu kafin su buɗe kashi na uku. Ƙungiyar da za ta kai wasan dandali, da Faransanci ko da Hausa, kada ta yanke umarnin kisan fursunoni, kada ta yanke Williams. In kuwa tana da ƙarfin hali, ta rubuta tata fitowar ta ƙara: mutanen Voyennes da safiyar 20 ga Oktoban 1415, suna tsamo ƙyamarensu daga fadama, hunturu na tafe.